Da Na Kai Ɗan Inna Indiya

Tambaya ta farko da aka yi mini a ƙasar Indiya ita ce wadda ban iya amsawa ba. Ma'aikacin filin jirgin Delhi ya dube ni, ya dubi mutumin da ke tsaye a bayana da hula a karkace, ya ce da Turanci, "Wane ne mara lafiyar? Yaya sunansa?" Na yi shekaru ina koyar da Turanci a firamare a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, kuma duk wanda ya zauna ajina ya san bakina ba ya mutuwa. Amma ranar sai na tura masa fasfo da yatsa, na ce ya karanta da kansa, ai don haka aka rubuta. Ya harare ni, na rama, ya buga hatimi muka wuce.

Mara lafiyar ɗana ne na fari. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da shi. Da aka yaye shi, Inna, uwar mijina, ta zo daga Argungu ta goya shi ta tafi, can ya girma, can ya yi aure, can yake noman shinkafarsa. Ni ina ce masa ɗan Inna, shi yana ce mini Malama kamar yadda 'yan makaranta ke faɗa. Ƙannensa na kira su da suna, na zage su, na dake su. Shi kuwa in ina da saƙo sai in ce, "A ce ma ɗan Inna kaza," ko da yana zaune a tsakar gidan yana jina. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ce. Kowa ya san uwar da ta kawar da kai ta gefen ido take kallo, kuma na kalle shi ta nan har ya yi gemu.

Ciwon ya fara ne da ɗan kumburi a bayan kansa, wajen dama. Ba ya zafi, don haka ya rufe shi da hula ya ci gaba da harkarsa. Da hular ta daina zama sai ya sayi babba. Matarsa Luba ce ta ga abin ya yi laushi, ya yi launin ɗanyar hanta, in ka ɗora hannu kana jin yana motsi a hankali. Mutanen arziki suka ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe shi. Wanzamin bai yi da mugunta ba, abin da ya gada ya yi. Amma yana tsagawa jini ya ɓalle, aka danna zane ya jiƙe, aka danna wani ya jiƙe, har aka kwaso shi a mota zuwa Birnin Kebbi bai san inda kansa yake ba. Daga nan aka tura mu Sakkwato, aka ɗauki hoton kai, aka ga ƙashin ya cinye a wurin. Likita ya ce ciwon daji ne na jijiyoyin jini da ya tsiro a cikin ƙashin kai, irin wanda ba safai ake gani ba, shi ma a littafi ya san shi. Ya ce in muna da hali mu fita da shi waje, kuma kada mu ɓata lokaci.

Aka sayar da gonar da ke fadamar Zauro. Mijina ya riga mu gidan gaskiya, Inna ta tsufa ba ta ko gani sosai, Luba na fama da laulayin ƙaramin ciki, ƙannensa mata ne a gidajen mazajensu, autan kuma yana makaranta. Da aka duba aka sake dubawa, ni ce mai Turanci. Haka aka haɗa mutum biyu da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya su kaɗai ba, aka tura su bangon duniya.

Wanda ya tarbe mu wani ɗan ƙasarmu ne mazaunin can, Alhaji Tanko, dillalin marasa lafiya. Tun muna gida yake cika mu da daɗin baki ta waya: masauki mai kyau, mota, tafinta, har masu ba da jini, duk an gama, mu dai mu zo. Ya zo da babbar riga da ƙamshin turare, yana "Hajiyarmu, Hajiyarmu." Masaukin da ya kai mu yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga, sai da muka hau bene har gwiwoyina suka yi tsami. Ɗaki ɗaya ne, gado biyu, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Tagar tana kallon bangon wani gida. Lokacin sanyi ne, kuma sanyin garin da hayaƙi yake tafe, rana ta fito ka dube ta ido da ido ba ta yi maka komai.

Ɗan Inna ya leƙa tagar ya ce, "Malama, garin ga ko rana ba su da ta kirki."

Na dubi bango na ce, "A cire takalmi a huta."

Haka muka riƙa magana. "A sha magani." "An sha." "A tashi a yi salla." "An yi." In ka ji mu sai ka rantse akwai mutum na uku a ɗakin da muke aika.

Washegari da safe matsalar da ban yi tunaninta ba ta taso. Tsagar ƙahon nan ba ta taɓa warkewa ba, kullum tana tsattsafo, kullum sai an wanke an sa sabuwar auduga. A gida Luba ke yi. Na tsaya da kwanon ruwan ɗumi a hannu ina jiran wani ya shigo, alhali na san ba mai shigowa. Shi ma ya gane. Ya cire hular, ya juya mini baya, ya sunkuyar da kai. Rabon da in taɓa kan nan tun yana shan nono. Abin ya kai girman lemun zaƙi, fatar ta yi sheƙi, kuma da na ɗora yatsu na ji bugun zuciyarsa a ciki. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, amma na wanke, na ɗaure.

Ya ce, "Hannunku da sanyi."

Na ce, "Ruwan na."

Ba ruwan ba ne, kuma ya sani.

Asibitin babba ne, yana walƙiya, ga mutane daga ko'ina a duniya kowa riƙe da babbar ambulan ta hoton ciwonsa. Alhaji Tanko ya raka mu ranar farko, ya shiga wani ofis shi kaɗai ya fito yana murmushi, ya ce zai je ya dawo. Har yau bai dawo ba. Wayarsa ta yi ta ringi har ta koma a kashe. Daga baya na ji cewa da zarar sun miƙa mara lafiya an sallame su, shi ke nan sun gama da kai. Na yi masa Allah ya isa a fili, a tsakiyar mutane, da Hausa, ba wanda ya ko juyo. A ranar na gane cewa ko faɗa sai da mai jin yarenka yake daɗi.

Likitan da ya karɓe mu dattijo ne mara yawan magana. Ya kira yaransa suka kewaye hoton suna kallo, har wani na ɗauka a waya, na ga dai abin baƙo ne a wurinsu su ma. Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce ƙarin nan tarin jijiyoyin jini ne da suka lalace, shi ya sa ƙaho ya kusa kashe shi. Za su fara zura siririn bututu ta cinya har zuwa kai su toshe hanyoyin da ke shayar da shi, sannan su yanke ƙashin da ya ci, su rufe wurin da ragar ƙarfe, bayan nan a yi gashi da na'ura. Ya ce zai zubar da jini mai yawa a wurin aiki. Ya ce irin wannan ciwo yana da saurin dawowa, yana kuma son tafiya huhu. Bai yi mini alkawarin komai ba, na kuma gode masa a kan haka.

Ɗan Inna ba ya jin Turancinsu mai sauri. Muna fitowa ya ce, "Mi yac ce?"

"An ce a yi haƙuri, za a yi aiki."

"Malama, a hwaɗa mani gaskiya. Ni ba yaro na ba."

Na zauna a kan benci, na kafa ido a kan tayil, na faɗa masa duka ban rage ba. Can ya ce, "To. Allah shi sa su Garba sun yi dashe, kada irin ya tsuhwa." Shinkafarsa yake nufi, wadda ya bar wa su Garba, abokan nomansa. Na so in ce wani abu, sai na rasa ta inda ake farawa da shi.

A masaukin akwai madafa ɗaya ta kowa da kowa. Na zo da garin gero, da kuka, da daddawa, da busasshen kifin Argungu da Inna ta ƙulla da hannunta. Ranar da na fara kaɗa miya mai gidan ya hauro da gudu yana toshe hanci, ya ce a gidansa ba a dafa kifi, kuma wannan baƙin abin da na jefa a tukunya ya ruɓe. Na ce masa tun daga ƙofar gari nake shaƙar warin garinsu ban ce uffan ba. Muka yi ta yi. Wata tsohuwa 'yar Afganistan, wadda ta kawo mijinta jinya tare da 'ya'yanta maza, tana gefe tana kallo. Da ya sauka ta matso, ta ɗauki daddawar ta shinshina, ta yi baya tana salati, ni kuwa dariya ta ƙwace mini, ta farko tun da muka sauka. Ba ta jin Turanci, ba na jin nata. Abin da muka haɗa shi ne salamu alaikum, da alhamdu lillahi, da insha Allahu. Amma daga ranar, in zan dafa kifi sai ta ɗora albasa da kayan ƙamshinta a wuta don su danne warin, ta tsaya a bakin bene tana yi mini gadi. Na sa mata suna Hajiya Mai Shayi, don ba ta taɓa ganina ba ta miƙo mini kofi ba.

Ban da ita, ranakun nan ba kowa. Ba kiran salla sai na waya. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ya mai jiki. In na kira gida Inna ce ke karɓa, ta ce, "Kulu, ina ɗana? Shina cin abinci? Ba ni shi." Sai in miƙa masa, in zauna ina jinsu suna hira da dariya, yana tsokanarta wai ta tsufa ta bar shi ba mata ta biyu. Ban ji haushi ba, ita ta raine shi. Amma na ji kaɗaici, kuma ba zan ɓoye ba.

An toshe jijiyoyin lafiya, aka sa ranar babban aiki. Sai aka aiko ni ɗakin ajiyar jini, aka ce dokarsu ita ce dangin mara lafiya su kawo mutanen da za su ba da jini a madadin wanda za a ƙara masa, in ba haka ba a ɗaga aikin. Na ce an gaya mana an shirya wannan. Suka ce wa ya shirya? Na miƙa hannuna. Wata yarinya ma'aikaciyar wurin ta soki yatsana, ta duba, ta ce jinina ni kaina bai ishe ni ba. Na roƙe ta, na yi faɗa, na sake roƙo, ta ce ba za ta iya ba.

Na fito na zauna a kan matakala. Ranar da jinin ƙaho ya ɓalle masa, samarin fadama ne suka cika asibitin Birnin Kebbi, daga Argungu, daga Ambursa, uku-uku a kan babur, da laka a ƙafafunsu, kowa na naɗe hannun riga har ma'aikata suka riƙa korarsu. Ga shi yau ina tsakiyar garin da mutane suka fi ƙasa yawa, ba ni da ko mutum ɗaya. Na ja mayafi na rufe fuska na yi kuka mai isata, mutane na ratsa ni suna wucewa.

Da na koma masauki Hajiya Mai Shayi ta ga idona. Ta kama hannuna ta ga audugar da ke yatsana. Na nuna mata jijiyar hannu, na nuna ƙofar ɗakinmu, na girgiza kai. Ba ta ce ko insha Allahu ba, ta juya ta tafi. Da safe na buɗe ƙofa na tarar da ita da 'ya'yanta, ƙarti masu gemu, da wasu 'yan ƙasarsu daga benen ƙasa da ban taɓa ko gaisawa da su ba. Ta sa su a gaba har asibiti tana yi musu tsawa. Da suka gama ba da jinin suka dafa ƙirji suka wuce. Ban san sunan ko ɗaya ba, amma ba na salla ban sa su a addu'a ba.

A ɗakin da aka kwantar da shi akwai wata nas, Sista Mariya, Kirista ce daga kudancin ƙasar, baƙa kamarmu, ga surutu. Ta lura da mu. Ta ce mini, "Ke mece ce a wurinsa?" Na ce tare muka zo. Ta ce, "Ina mahaifiyarsa?" Na ce tana gida. Ɗan Inna ya tsinci wannan, ya yi dariya har sai da ya riƙe kai, ya nuna ni ya ce da guntun Turancinsa ai ga ta nan. Sista Mariya ta saki baki. Da muka fita ta ja ni gefe ta ce, "Wani laifi ya yi miki? Ba kya kallonsa, ba kya kiran sunansa. Uwayen da ke nan har a baki suke ba 'ya'yansu abinci." Raina ya ɓaci. Na ce mata a wurinmu wannan girmamawa ce, kunya ce, haka uwata ta yi wa yayana, haka tata uwar ta yi. Amma ina faɗa da Turanci ina jin yadda maganar ke fita a bushe, kamar ina ba da labarin mugunta. Ta gyaɗa kai don ladabi kawai. Na tafi ina cewa a raina, yarinya, me kika sani.

Ranar aiki da safe aka aske masa kai, aka sa masa rigar asibiti, aka kwantar da shi a gadon turawa. Ya ba ni hularsa. Ya ce a gaya wa Luba ta yafe masa, a gaya wa Inna kada ta yi ta kuka idonta ya ƙarasa. Na ce za a faɗa. Sai ya dube ni kai tsaye, abin da ba ya yi, da ɗan murmushin tsokanar nan nasa.

"Malama, wai don Allah kun ko san sunana?"

Na ce, "A ruhe baki a yi addu'a."

Ya yi dariya, suka tura shi, ƙofa ta rufe. Na tsaya da hula a hannu.

Tun hantsi ake aiki har bayan la'asar. Likita ya fito ya ce sun cire abin da ido ke gani duka, amma ya zubar da jini ƙwarai, ƙwaƙwalwar kuma ta kumbura, sai a jira. Bai farka ranar ba. Bai farka washegari ba. Aka janye maganin barci, aka ce yanzu ya kamata ya fara jin mutane, shiru. In an matse masa farce yana janye hannu, amma in an yi magana ko gezau. Na ga likitocin sun fara magana ƙasa-ƙasa a tsakaninsu, kuma na san ma'anar wannan ko da wane yare ne.

Da azahar aka bar ni na shiga, da riga da hular leda. Yana kwance, kai a naɗe, bututu a baki, na'urori na ƙara. Sista Mariya ta biyo ni ko da ba ɗakinta ba ne. Ta sunkuya tana kiransa da sunan da ke cikin fasfo, irin faɗar Larabawa, wanda ba a taɓa kiransa da shi ba ko a makarantar allo. Ta ɗago ta ce, "Ba ya jin namu. Muryar gida yake buƙata. Kira shi yadda ake kiransa."

Na matsa na ce, "A tashi. An gama aiki, a tashi."

Shiru.

Na ce a bar ni in kira Inna. An hana waya a ɗakin, amma Sista Mariya ta kawar da kai. Na kara masa a kunne. Inna na jin ƙarar na'urori ta fashe da kuka, ba ta iya haɗa kalma ba, layin ya yi ta yankewa har ya mutu. Na tsaya da waya a hannu. Babu Inna, babu Luba, babu ƙanwar da zan aika. Duk mutanen da na yi shekaru ina bi ta bakinsu suna can bayan teku. Sista Mariya ta ja labule ta bar mu.

Ni na san sunan. Ina ɗaki ranar suna na ji maroƙi ya faɗe shi a ƙofar gida, na sunkuyar da kai mata na yi mini dariya. Na rubuta shi a takardun makaranta, na faɗe shi a zuci a kowace sujada. Amma harshena bai taɓa ɗaukarsa ba, kuma da na buɗe baki sai na ji ya yi nauyi. Na kama hannunsa. Na sa bakina daidai kunnensa.

"Sama'ila."

Muryar ta fita a shaƙe, ni kaina ban gane ta ba. Na gyara, na kira yadda ake kiran yaro ya baro wasa magariba ta yi.

"Sama'ila! Kai nika kira. Tashi."

Na yi ta kira, ban san iyaka ba. Tun ina jin kunya har na daina. Can na ji yatsunsa sun motsa a cikin nawa, fatar idonsa ta yi rawa, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Na yi salati da ƙarfi har nas-nas suka shigo da gudu. Likita ya ce dama lokacin farkawarsa ya yi. Wataƙila haka ne, ban yi masa musu ba.

Da aka cire masa bututu ya samu bakin magana, ina zaune ina kallon bango kamar kullum, sai na ji ya ce a hankali, "Malama, na ji wani na kirana. Nic ce wagga murya ta Malama ta. Amma kuma nic ce a'a, Malama ba ta haka."

Na ce, "Mahwalki anka yi."

Ya ce, "To a bar ni in koma barcin."

Na rufe fuska da mayafi, ina dariya hawaye na zuba.

Mun ƙara makonni ana gashi. Sukan ɗaure masa fuska da wata raga su manne kansa a gado, su fita su bar shi shi kaɗai da na'ura, kuma wannan ya fi aikin ba shi tsoro. Mun koma "a sha magani" da "an sha", don hali ba ya sauyawa rana ɗaya. Amma kullum a bakin ƙofar ɗakin gashin, in zai shiga, nakan faɗi sunan ƙasa-ƙasa, in ce Allah ya fito da kai lafiya. Shi kuma ya ce, "Na'am," ba ya waiwayowa. Hajiya Mai Shayi ta rasa mijinta a tsakanin nan, suka tafi da gawarsa. Ta bar mini butar shayinta, na ba ta sauran daddawata don tsokana, ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi.

Sanyi na ƙarewa ya fara tari. Da na ga jini a tsumman da yake tari a ciki ban jira an gaya mini ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, dattijon likitan ya kira ni ya ce abin da ya ji tsoro ya faru, ya kai huhu, ya bazu. Ya ce akwai magungunan da za a gwada, amma in ɗansa ne gida zai kai shi. Na fassara wa ɗan Inna duka. Ya ce, "Mu tahi. In ga shinkahwata."

Ya gan ta. A ɗakin Inna ya kwanta a Argungu, su Garba suka ɗauke shi a mota har bakin fadama lokacin da ta fara nuna. Da muka dawo cikin mutane na koma inda nake, ina daga tsakar gida ina cewa a tambayi ɗan Inna ko zai sha kunu. Ya rasu ana cikin yankan shinkafa. Mata suka cika gidan suna yi wa Inna ta'aziyya, ita ce mai ɗa. Ni ina bakin murhu ina raba abinci, ido a bushe, kamar yadda ya kamata uwar ɗan fari ta yi, ana yaba haƙurina. Ba wanda ya san abin da ya faru a bayan labulen nan sai wata Kirista a Delhi, ita kuma ba za mu sake haɗuwa ba.

Da damina ta sauka Luba ta haihu, namiji. Aka mayar masa da sunan ubansa. Ranar suna mata suka zauna neman sunan da za a riƙa kiransa da shi, wata ta ce Abba, wata ta ce Magaji, saboda ai Malama ba ta iya faɗin na gaskiyar. Na ajiye ludayi na ce a bar yaro da sunansa. Inna ta juyo da makafin idanunta wajena ta daɗe, sannan ta ce, "Ku bar ta."

Yanzu ya fara tafiya, kuma duk hutu Luba na kawo mini shi Nasarawa. Maƙwabta sun gaji da rufe baki in sun ji ni, sun saba. Wani lokaci yana nan gindina, riƙe da zanena, ina ganinsa, amma sai in ɗaga murya in kira sunan da ƙarfi kamar yana can ƙarshen fadama.